Zakarun Gwajin Dafi: Matasan da Ke Tseren Kwale-kwale na Duniya

A watan Agustan 2003, saura shekara guda ƙasar Girka ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, an kammala haƙa sabon tafki na tseren kwale-kwale a Skiniyas, kusa da garin Maraton, arewa maso gabas da birnin Atens. Wuri sabo sai an gwada shi kafin manya su zo. Waɗanda aka gayyato su gwada kuwa yara ne 'yan shekara 17 da 18, domin a nan aka sa gasar duniya ta matasan matuƙa ta wannan shekarar.

Ba a yi la'akari sosai da iskar da ke kaɗowa daga arewa a wannan yanki duk watan Agusta ba. Ranar da aka fara, iska ta tada igiyar ruwa, ruwa ya riƙa kwarara cikin jirage. Jirgin mutum takwas na Birtaniya ya cika ya nutse, na Amurka ma haka, har yaran Amurka suka faɗa ruwa suna iyo suna jan jirginsu domin su tsallake layin ƙarshe a lissafa da su. Dole masu shirya gasa suka rage tsawon tseren zuwa rabi. Tawagar Jamus, wadda kusan kullum ita ce ke kan gaba a wannan gasa, ba ta ma shiga ruwa ba: cutar gubar abinci ta kwantar da 'yan wasanta da yawa, aka janye su gaba ɗaya.

Da aka zo Olamfik ɗin a 2004 an riga an koyi darasi, aka tsara lokutan tsere yadda za a kauce wa iska. Manya sun ci moriya. Yaran 2003 kuwa da yawansu shekarunsu sun wuce, ba su sake samun wata damar ba.

Wannan ba sau ɗaya ya faru ba, al'ada ce. Shekarar da ta gabaci Olamfik, garin da zai karɓi baƙunci yakan nemi a ba shi gasar matasa don ya gwada tafkinsa, da na'urorin auna lokaci, da alƙalai, da jiragen ceto. An yi haka a Shunyi ta Beijin a 2007, da tafkin Dorney na Ingila a 2011, da Riyo ta Burazil a 2015, da Tokyo a 2019, da kuma Vaires-sur-Marne, gabas da Faris, a 2023. A Riyo, 'yan tawagar Amurka 13 ne suka kamu da ciwon ciki, aka yi ta ka-ce-na-ce kan ko gurɓataccen ruwan tafkin Rodrigo de Freitas ne ya jawo, ko wani abu daban. A Tokyo zafi da gumi ne suka galabaitar da wasu har sai da likitoci suka duba su. A Faris hasashen mummunan yanayi ya sa aka matso da zagayen ƙarshe kwana guda gaba. Hukumar wasan tana cewa gata ne yaro ya yi tsere a filin Olamfik tun kafin gwanaye su taka shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya bi tarihin zai ga cewa idan akwai aibi a wuri, a jikin ƙanana ake fara gano shi.

Yadda abin yake

Wanda ya saba ganin kwale-kwale a kogin Kwara ko na Binuwai, sai ya ajiye wannan hoton a gefe. A can matuƙi yana fuskantar inda za shi, filafili a hannunsa sake, ƙarfin kuma na kafaɗa ne da damtse. A wannan wasa matuƙi baya yake bai wa inda za shi. Filafilin dogo ne, ya kusa mita uku ko ya ɗara, an saƙala shi a wani maƙalin ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin. Ƙafafun matuƙi a ɗaure suke cikin takalman da aka kafe a jirgi, kujerarsa kuma tana kan ƙananan tayoyi, tana zamewa gaba da baya. Yakan naɗe jiki, gwiwa ta taɓa ƙirji, ya tsoma filafili, sannan ya tokare da ƙafa ya miƙe. Mafi yawan ƙarfin daga cinya yake fitowa, sai gadon baya, hannu ne na ƙarshe.

Jirgin mutum ɗaya tsawonsa kimanin mita takwas ne, faɗinsa a ruwa bai fi na faifan rufe ƙwarya ba, kuma doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 14. Sabon shiga idan ya hau shi, da wuya ya yi minti biyar bai kife ba. Na mutum takwas ya kusa mita 18, mafi ƙarancin nauyinsa kilo 96, kuma yana ɗauke da mutum na tara, ƙaramin jiki, wanda shi kaɗai ne ke fuskantar gaba. Shi ke riƙe da linzami, shi ke yi musu tsawa ta ƙaramar lasifika, yana gaya musu lokacin da za su ƙara wuta da tazarar da ke tsakaninsu da abokan hamayya. Idan nauyinsa bai kai yadda doka ta tanada ba, sai a ba shi ƙarin kaya ya zauna da su. Akwai tuƙi iri biyu: wanda kowa ke riƙe da filafili biyu, da wanda kowa ke riƙe da guda ɗaya da hannu biyu, rabi dama rabi hagu.

Tsawon tseren mita 2000 ne, miƙe sambal, jirage shida a jere, kowanne da layinsa da aka shata da ƙananan ƙwallaye masu yawo a kan ruwa. A da matasa gajeren zango suke yi, mita 1500 ga maza, daga baya aka daidaita su da manya. Tafiyar minti shida zuwa takwas ce, gwargwadon irin jirgin da yanayin iska, ja ɗari biyu da 'yan kai. A ido kamar ba wahala, domin daga bakin tafki abin da ake gani shi ne jirgi yana sulalewa, fulafulai suna shiga suna fita tare. Jiki magayi. Daƙiƙa arba'in na farko da dukkan ƙarfi ake fita, sannan a zauna a kan wani sauri da bai bar wa huhu sarari ba. Masu wasan sukan ce kashi na uku, daga mita 1000 zuwa 1500, shi ne kabarin tsere: cinya ta ɗau zafi, numfashi ya ƙare, layin ƙarshe kuma bai zo kusa ba. Idan aka tsallake layi za ka ga yaro ya faɗi rigingine a kan ƙafafun na bayansa, wani yana amai a gefen jirgi, wanda ya ci da wanda ya sha kaye ba ka bambance su sai bayan minti ɗaya ko biyu.

Daga wani ƙaramin gari a Jamus

Hukumar da ke kula da wasan, wadda aka daɗe ana kira FISA, yanzu kuma World Rowing, an kafa ta ne a birnin Turin na Italiya a 1892, shekara biyu kafin a kafa kwamitin Olamfik na duniya. Hedkwatarta tana Lozan ta ƙasar Suwizalan, a 2014 kuma wani Bafaranshe, Jean-Christophe Rolland, wanda ya ci zinare a Sidni a 2000, ya zama shugabanta. Duk da wannan tsufa, sai a 1967 ta shirya gasar matasa ta farko, kuma ba a babban birni ba, a Ratzeburg, wani ƙaramin gari da tafkuna suka kewaye a arewacin Jamus ta Yamma.

Zaɓen wurin ba da ka aka yi shi ba. A garin akwai wani malamin sakandare mai suna Karl Adam, wanda asalinsa ba matuƙi ba ne, amma ya ɗauko dabarun horar da masu gudu da ɗaga ƙarfe ya shigo da su cikin tuƙi, ya sake fasalin filafili, ya fara da ɗaliban makarantarsu. Jirgin mutum takwas da ya horar ya ci zinare a Olamfik ta Rum a 1960, wani kuma ya sake ci a Meziko a 1968. Ya nuna wa duniya cewa gwanin matuƙi a makaranta ake ƙera shi. 'Yan mata ba su samu shiga gasar ba sai a 1978, a Belgired. An daɗe nau'o'in tseren maza sun fi na mata yawa, amma a gasar Tokyo ta 2019 guda 14 aka yi, bakwai-bakwai. A 'yan shekarun nan an sauya mata suna zuwa gasar 'yan ƙasa da shekara 19. Ƙa'idar dai ita ce: matashi yana da damar shiga har zuwa ƙarshen shekarar da ya cika 18. Ma'ana yawancinsu sau ɗaya ko biyu kacal suke samu. Waɗanda shekararsu ta ƙarshe ta faɗo a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka soke gasar da za a yi a tafkin Bled na Sulobeniya, ba su ga komai ba.

Wace ƙasa ce ke ci, kuma don me

Har zuwa rushewar katangar Balin a 1989, Jamus ta Gabas ce dodon wannan wasa, manya da ƙanana. Gwamnati ce ke bin makarantu tana auna tsawon yara da faɗin hannayensu, wanda aka ga zai yi tsayi a kai shi makarantar wasanni ta kwana. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sun tanƙwara har sun wuce gona da iri, domin bayan haɗewar Jamus takardu sun nuna yadda hukuma ta riƙa ɗirka wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara kuzari a fannoni da dama, har da waɗanda ba su balaga ba, wasu ba tare da saninsu ba. A Olamfik ta Mosko a 1980 ƙasar ta kwashe zinare 11 cikin 14 na tseren kwale-kwale.

Wannan tsari ya mutu, amma neman dogayen yara bai mutu ba. Romaniya har yau tana tura masu farautar baiwa ƙauyuka, su ɗauko yaran manoma su kai su sansani a tafkin Snagov kusa da Bukares. Ga yarinyar ƙauye wannan hanya ce ta samun karatu da abinci da albashi, kuma ta nan aka samu irin su Elisabeta Lipă mai zinare biyar na Olamfik. Italiya da Jamus suna dogara ne da ƙungiyoyin gari, kusan duk garin da ke da kogi ko tafki yana da rumfar jirage da koci. Girka, duk da ƙarancinta, tana da garin Yowanina a bakin tafki, inda aka yi wannan gasa a 1970, kuma daga can Stefanos Ntouskos ya fito ya ci zinaren mutum ɗaya a Olamfik ta Tokyo.

A Ingila da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu kuwa makarantu ne ke riƙe da wasan, kuma galibi masu tsadar gaske. Tafkin Dorney da aka yi Olamfik ta 2012 a kansa mallakar makarantar Eton ne, ita ta haƙa abinta da kuɗinta. Niyu Zilan tana da gasar makarantu da ke tara ɗalibai fiye da dubu biyu duk shekara, kofin da ake ci kuma sunan unguwar Ma'adi ta birnin Alƙahira yake ɗauke da shi, domin sojojin ƙasar da suka yi sansani a can lokacin yaƙin duniya na biyu ne suka yi tsere a kogin Nilu suka komo da shi gida.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jirgin tsere na zamani da zaren kabon ake yin sa, kamfanonin da gwanaye suka fi yarda da su kaɗan ne, irin su Empacher na Jamus mai launin rawaya da Filippi na Italiya mai fari. Sabon jirgin mutum takwas kuɗinsa dala dubu gommai ne, ban da fulafulai, ban da tirelar da za ta ja shi, ban da jirgin inji da koci zai bi yara da shi. Sannan ana bukatar ruwa kwantacce mai tsawon kilomita biyu ko fiye, wanda babu zirga-zirgar manyan jirage. Don haka idan aka karanta jerin ƙasashen da suka ci lambobi a gasar matasa, abin da ake karantawa a haƙiƙa shi ne jerin wuraren da yaro ɗan shekara goma sha uku zai tashi daga makaranta ya tarar da jirgi yana jiran sa.

Akwai wasu 'yan kallo da ba su zo don tafi ba. Kocinan jami'o'in Amurka ne, da littattafan rubutu a hannu. Dokar da ƙasar ta kafa a 1972, wadda ta tilasta wa makarantu daidaita damar wasanni tsakanin maza da mata, ta sa jami'o'i da yawa suka buɗe ƙungiyoyin tuƙi na mata da guraben tallafin karatu masu yawa, don su cike giɓin da ƙwallon Amurka na maza ya haifar. Yarinya daga Sabiya ko Romaniya da ta kai zagayen ƙarshe tana iya komawa gida da tayin karatu kyauta. Manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale da Washington su ma suna cika jiragen mazansu da samarin Turai da Ostireliya. Tambayar farko da ake yi wa yaro ita ce lokacinsa a injin tuƙi na tudu, wanda kamfanin Concept2 ya fito da shi a 1981. Injin ba ya ƙarya, amma kuma ba ya iyo, kamar yadda kocinan ke tsokanar yaran da suka fi ƙarfi a tudu fiye da a ruwa. Darajar wannan ƙofa ta kai inda a badaƙalar shiga jami'a da ta fashe a Amurka a 2019, an samu masu kuɗin da suka ba da cin hanci aka shigar da 'ya'yansu a matsayin 'yan tuƙi, alhali ba sa wasan.

Lambar shekara 18

Wasu taurarin daga nan suka taso. Steve Redgrave na Birtaniya ya ci azurfa a gasar matasa ta 1980 a Beljiyam, sannan ya ci zinare a Olamfik biyar a jere, daga 1984 zuwa 2000. Matthew Pinsent da Tim Foster sun ci zinaren matasa tare a 1988, bayan shekara 12 kuma suna jirgi ɗaya da Redgrave a Sidni.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Yaron da ya riga tsararsa girma yakan murƙushe su a shekara 17, a shekara 22 sun kamo shi sun wuce. Wani ciwon baya ko tsagewar haƙarƙari, cututtukan da aka san matuƙa da su, ke raba shi da wasan. Wani kuma ya gaji ne kawai da tashin asuba cikin sanyi sau shida a mako, a wasan da ba a yin arziki da shi. A ɗaya gefen, Helen Glover ba ta taɓa riƙe filafili ba sai a 2008, tana da shekara 22, ta ci zinare a 2012. Oliver Zeidler na Jamus ɗan ninƙaya ne har ya kai shekara 20, ya koma tuƙi a 2016, ya zama zakaran duniya a 2019, ya ci zinaren Olamfik a Faris a 2024. Ina ganin kocin da ya san aikinsa ba zinaren yaro ya kamata ya dame shi ba, sai ko yaron zai dawo rumfar jirage bayan shekara biyar.

Ina Afirka?

A wannan gasa ƙasashen Afirka da aka saba gani kaɗan ne: Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Masar, Tunisiya, wani lokaci Aljeriya. Sizwe Ndlovu, baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinaren tuƙi a Olamfik, a 2012, a wata sakandare ta Johannasbag ya fara. Ya samu jirgi yana yaro.

A wannan Olamfik ɗin dai, a kan tafkin Dorney, aka ga ɗayan gefen labarin. Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar, mai aikin lambu a Yamai, ɗan shekara 35, ya shiga tseren mutum ɗaya da katin gayyata, bayan horon da bai wuce wata uku ba. Ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi. Redgrave ya nuna rashin jin daɗinsa, yana ganin akwai waɗanda suka fi shi ƙwarewa da aka bari a gida. Dukansu biyu suna da hujja, amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarun. Mutumin da kogin Kwara ya ratsa garinsa bai hau jirgin tsere ba sai da ya ninka shekarun yaran da suka yi gasa a wannan tafki shekara guda kafin shi. Najeriya ma sai a 2016 ta samu wakiliya ta farko a wannan fanni a Olamfik, Chierika Ukogu, ita kuma a Amurka aka haife ta, a can ta koyi wasan.

Ba ruwa ne babu ba, ba kuma gwanaye ba. Wanda ya taɓa ganin tseren jirage a bikin Rigata na Yawuri ko a bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai samarin da suka tashi a kan ruwa, ba sa tsoron sa. Abin da babu shi ne jirgin, da kocin, da makarantar da za ta haɗa su.

Hukumar duniya ta lura cewa wasan da ke bukatar tafkin kilomita biyu ba zai yaɗu ba, shi ya sa take tura wani sabon salo, tseren bakin teku. Ɗan wasa yakan sheƙo da gudu a kan yashi, ya faɗa jirgi mai faɗi wanda ke jure igiyar ruwa, ya tuƙa mita 250 yana zagaye alamomi, ya juyo, ya sauka ya sake gudu zuwa layi. Cikin minti uku an gama, kuma masu shirya gasa ne ke ba da jiragen, ba sai kowace ƙasa ta yi jigilar nata ba. An sa shi cikin Olamfik ta Los Anjelis ta 2028. Shi ne kuma salon tuƙin da aka zaɓa wa Olamfik ta matasa ta Dakar a ƙarshen 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik ta sauka a nahiyar Afirka, inda aka ware gaɓar tekun Sali, kudu da Dakar, domin wasannin bakin ruwa.